Wane aikin hannu ne ke zaunar wa yara da darasin DNA da gadon halitta?

Sabuwar Malama:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana. Shawara nake nema. Zangon nan darasin DNA da gadon halitta ya faɗo a kaina, yara 'yan shekara 15 zuwa 16, kuma ajin cike yake maƙil. Hadda kam sun iya. Ko cikin barci ka tashe su za su ce maka a cikin haruffan DNA huɗu A da T ke haɗuwa, G da C ke haɗuwa, su zana maka akwatin Punnett tsaf, wato jadawalin nan mai gida huɗu da ke nuna abin da ɗa zai iya gada daga uwa da uba. Amma da zarar na juya tambayar ta wata fuska sai ido ya raina fata. Ɗakin gwaje-gwajenmu babu komai a ciki sai tebura da kwalabe. Don Allah wanda ya taɓa gwada wani aiki da yara za su yi da hannunsu, da kayan da ba su da wuyar samu, kuma ya ga abin ya zauna musu, ya taimaka mini.

Mai Kula da Lab:
Wa alaikumus salam Malama. Fara da fitar musu da DNA daga ayaba, gani ya kori ji.

Kowane rukuni na yara huɗu ko biyar ki ba su rabin nunanniyar ayaba, leda mai kauri, kofi mai haske, ƙyallen tacewa mai tsabta, da tsinke. Su sa ayabar a leda su murtsuke ta da yatsu har sai babu gudaji. A gefe ki haɗa ruwa mililita 90, sabulun wanke kwanuka na ruwa mililita 10, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Su zuba haɗin a ledar har ya rufe ayabar, su cakuɗa a hankali. A hankali fa, domin in kumfa ya taso shi zai hana su ganin komai daga baya. Bayan minti 5 zuwa 10 sai su tace a kofi.

Sai babban aikin. Ki zo da sifirit mai sanyi ƙarara, wanda ya kwana a firiza ko aka binne kwalbarsa cikin ƙanƙara. Ki karkata kofin ki tsiyaya shi ta jikin bango, gwargwadon yawan ruwan da aka tace, yadda zai kwanta a sama bai gauraya ba. A ajiye, kada kowa ya girgiza. Cikin minti biyu zuwa uku za ki ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa daga inda ruwan biyu suka haɗu, 'yan ƙananan kumfa maƙale a jikinsa. Su sa tsinke su juya, zai naɗe.

Kowane mataki da dalilinsa. Murtsukawa tana fasa bangon sel ɗin ayabar. Sabulu yana narkar da fatar sel da fatar cibiyarsa, tunda da maiƙo aka yi su. DNA yana ɗauke da cajin negatif saboda fosfet ɗin da ke jikinsa, don haka zaruruwan suna korar juna, gishiri ne ke kashe wannan cajin su samu su dunƙule. Shi kuwa sifirit, DNA yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a cikinsa, shi ya sa yake fitowa fili.

Ki nemi mai ƙarfi, kashi 90 cikin 100 ko sama. Ke kaɗai za ki riƙe kwalbar, tagogi a buɗe, babu wuta a kusa, kuma babu mai ɗanɗana komai, domin akwai sifirit ɗin da ake gaurayawa da metanol, guba ce.

Malamin Bayoloji:
Madalla da wannan bayani. Ƙari kaɗan: in kin samu sitiroberi ta fi bayarwa, domin kowane sel nata yana da cikakken jerin kuromosom, wato ƙunshin DNA, har sau takwas, ayabar da muke ci tana da uku, mu 'yan Adam biyu. Albasa ma tana yi, DNA ɗinta ya ninka namu kusan sau biyar, sai dai tana son markaɗe sosai. Yayin da suke jiran farin abun ya taso, ki ba su labarin Friedrich Miescher, wanda a 1869 a garin Tubingen na Jamus ya fara ware wannan sinadari daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata. Yara na son jin wannan, kuma suna mamakin cewa an san sinadarin fiye da shekara 80 kafin a gano siffarsa a 1953.

Tsohon Malami:
'Ya'yana, ban ƙi aikin ayaba ba, amma ina da ja. Na ga ajin da aka yi shi, yara suka yi ta shewa, kowa ya fita da tsinkensa, washegari aka tambaye su me ya sa ɗa yake kama da ubansa, ba wanda ya ƙara ko kalma ɗaya kan abin da ya sani a da. Malama ta ce matsalarta yaran sun haddace amma ba su gane ba. Farin yauƙi a jikin tsinke ba zai warware wannan ba. Bugu da ƙari, abin da ke jikin tsinken ba DNA ne zalla ba, akwai furotin da RNA da danƙon 'ya'yan itace a ciki. Yara da yawa kuma suna tafiya da zaton wai murɗaɗɗen tsanin nan na cikin littafi suka gani da idonsu, alhali faɗin zaren guda ɗaya nanomita 2 ne, ko madubin lab na makaranta ba ya nuna shi.

In za a yi, a yi shi a matsayin gwaji. Rukuni ɗaya ya bar sabulu, ɗaya ya bar gishiri, ɗaya ya yi da sifirit marar sanyi, ɗaya ya yi cikakke. Kafin a fara kowane yaro ya rubuta abin da yake tsammanin zai faru da dalilinsa. A jera kofunan a gaban aji a kwatanta. Nan ne kai zai yi aiki tare da hannu.

Mai Kula da Lab:
Na karɓi gyaran Baba, ranka ya daɗe. Sai dai Malama ta san cewa kofin da ba sabulu ma yakan fito da ɗan farin abu, saboda wancan danƙon da ka ambata. Kada ta firgita. Ta jefa wa yaran tambayar: in ba a fasa sel ba, wannan daga ina ya fito? Amma Baba, kada mu raina shewar nan. Yaron da bai taɓa yarda cewa DNA abu ne mai jiki da za a iya ɗagawa ba, ranar yake yarda.

Sabuwar Malama:
Allah Ya saka da alheri. To Baba, shi gadon kansa fa? Akwatin Punnett nan ne gizo ke saƙar.

Tsohon Malami:
Yawwa 'yata, yanzu kika zo inda nake so. Ki samo maɓallan riga kala biyu masu girma ɗaya, a ce ja da fari, da jakunkuna marasa nuna abin da ke ciki. Kowane rukuni jaka biyu, ɗaya ki rubuta mata UWA, ɗaya UBA. A kowace jaka ja 10, fari 10. Yaro ɗaya ya zura hannu a jakar uwa bai leƙa ba ya ɗauko maɓalli ɗaya, wani ya ɗauko ɗaya daga ta uba, na uku ya rubuta abin da ya fito: ja da ja, ja da fari, ko fari da fari. Wannan shi ne ɗa guda. Sai a mayar da maɓallan, a girgiza, a sake.

Tun kafin a yi nisa akwai tambayoyi biyu da za ki tsare su da su. Me ya sa ɗaya tak ake ɗauka daga kowace jaka? Domin ƙwan mace da maniyyin namiji kowanne kuromosom 23 yake ɗauke da su, rabin 46, kwafi ɗaya daga kowane biyu. Me ya sa ake mayar da maɓallin? Domin uwa ba ta ƙarar da wani nau'i na ƙwayar gado don ta ba ɗan fari. Yaron da ya amsa waɗannan da bakinsa ya riga ya gane abin da haruffan gefen akwatin Punnett suke nufi.

Kowane rukuni ya ja sau 20. Za ki ga rigima ta tashi. Wani rukunin fari da fari ya fito musu sau biyu kacal, wani sau takwas, su ce ko dai littafi ya yi ƙarya ko jakarsu ta lalace. Kada ki yi saurin sasanta su. Ki sa kowane rukuni ya rubuta nasa a allo, a tara na ajin gaba ɗaya. Suna kallo adadin zai matso kusa da 1 ga 2 ga 1.

Sannan ne za ki kawo Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gadon halitta. Mutumin nan ya yi shekaru daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar waken fis a lambun gidan ibadarsu a Brno, a ƙasar Czech ta yau, yana ƙirgawa. Ki rubuta musu ainihin abin da ya samu a zuriya ta biyu: iri mai santsi 5,474, mai tamoji 1,850. Rawaya 6,022, kore 2,001. Dogo 787, gajere 277. Su raba da kansu. Za su samu 2.96, da 3.01, da 2.84. Babu wanda ya faɗa kan 3 daidai, kuma wanda ya fi yawan ƙirge shi ya fi matsowa. Abin da suka gani a jakarsu ke nan: in ja ne mai rinjaye, ja da ja tare da ja da fari sun zama 3, fari da fari 1. Ya buga aikinsa a 1866, ba a kula shi ba sai a 1900, bayan rasuwarsa.

Malamin Lissafi:
Baba ya gama magana, ni ɗan gefe zan riƙe. Wani zai ce a yi da murfin kwalba a jefa sama maimakon maɓalli. Kada a yi, murfin kwalba ba ya faɗuwa rabi da rabi saboda siffarsa. Kwabo yana yi in akwai, amma jaka ta fi nuna ma'anar.

Ga ci gaban da nake so Malama ta gwada. Bayan an tara na aji, ki ce kowane ja huɗu a jere iyali ne mai 'ya'ya huɗu. Su ja layi bayan kowane huɗu a takardarsu, su ƙirga iyalai nawa ne suka samu fari da fari sau ɗaya daidai. Kusan dukkansu sun ɗauka kowane iyali haka zai fito, tunda akwati gida huɗu gare shi. Lissafi ya ce a cikin iyalai 256 masu 'ya'ya huɗu, ana tsammanin 81 ba za su samu ko ɗaya ba, 108 su samu ɗaya, 54 su samu biyu, 12 su samu uku, 1 kuma duka huɗun. Wato iyalin da ya dace da zanen akwati bai kai rabi ba, kusan kashi 42 ne cikin 100. Gidajen akwatin nan huɗu ba 'ya'ya huɗu ba ne. Dama ce da ake sake jefawa a kowane ciki, kuma jakar ba ta tuna abin da ya fito a baya.

Ɗalibin Likitanci:
Malam, wallahi wannan da ka faɗa ya wuce jarrabawa. Kuskuren da na fi ji a bakin manya game da sikila shi ne wannan. Ma'aurata AS da AS su ce ɗan fari ya fito SS, saboda haka uku masu zuwa sun tsira. Ko kuma uku sun fito lafiya, su ce na huɗun ne zai ɗauka. Duka biyun ba haka ba ne, kowane ciki kashi 25 cikin 100 ne. Yaron da ya ja maɓalli ya ga fari da fari ya fito sau biyu a jere ba zai taɓa faɗa wa wannan ruɗun ba.

In Malama za ta sa wa maɓallan suna A da S, abu biyu nake roƙo. Na farko, kada a tambayi wani yaro nasa, ko a fili ko a takarda. Akwai yiwuwar mai ciwon yana zaune a ajin, ko wanda ya rasa ɗan'uwa. Ki faɗi tun farko cewa ba laifin kowa ba ne, ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Na biyu, kada a koyar da cewa S ɓuya yake yi kawai a jikin mai AS. Mai AS yana yin nau'in himogulobin biyun duka, kuma yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Shi ya sa nau'in ya yawaita a yankunan da sauro ya yi katutu.

Malam Mai Ajin Ƙasa:
Ni abin da nake yi ya fi duk wannan sauƙi, ba ya cin ko sisi. Ina sa yara su duba wa ke iya naɗe harshe, wa ke da kunne maƙale, wa ke da na reto. Sai su je gida su duba iyayensu da kakanninsu, su zana bishiyar iyali, su gano mai rinjaye da marar rinjaye. Yara suna sonsa ƙwarai saboda jikinsu ne.

Malamin Bayoloji:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, nan zan saɓa maka. Maganar cewa ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo naɗe harshe ta daɗe a littattafai amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Alfred Sturtevant ne ya kawo ta a 1940. A 1952 Philip Matlock ya duba tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda DNA ɗinsu ɗaya ne, ya samu waɗanda ɗaya ke iya naɗewa ɗayan ba ya iyawa. Sturtevant da kansa ya janye daga baya. Akwai kuma yaran da ba sa iyawa suna ƙanana su koya daga baya. Siffar kunne ma ba kashi biyu ta rabu ba, akwai na tsaka-tsaki da yawa, kuma ƙwayoyin gado masu yawa ne ke da hannu a ciki. Haka launin ido, haka launin fata. In ka koya wa yaro cewa iyaye biyu da ba sa naɗe harshe ba za su haifi mai naɗewa ba, ya je gida ya tarar da akasin haka, me ka jefa a zuciyarsa?

Wata Uwa:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, kuma na ji daɗi da aka taɓo nan. An taɓa ba 'yata aikin gida ta rubuto rukunin jinin mahaifinta da nawa da nata. Mu bai dame mu ba. Amma ƙawarta da ke zaune kusa da ita marainiya ce, a hannun 'yan'uwa take. 'Yata ta ce yarinyar ta miƙa takardarta babu komai a kai, ta kifa kai a tebur har aka tashi. Malamin bai yi nufin cutar da kowa ba, na sani. Amma aji ba ya rasa maraya, ko ɗan riƙo, ko wanda iyayensa suka rabu. Don girman Allah malamai, ku bar iyalan yara a waje da darasin nan.

Ɗalibin Likitanci:
Gaskiyarki Mama. Ga shi kuma ko ta fuskar ilimi rukunin jini bai dace da aikin gida ba. Mutane da yawa ba su riƙe nasu daidai ba, wasu sun ji ne kawai a baki. Sannan akwai yanayin da ba ya bin jadawalin littafi, kamar nau'in Bombay da aka gano a Indiya a 1952, inda mutum ke ɗauke da ƙwayar gadon A ko B amma gwaji ya nuna shi kamar O, kuma yana iya gadar wa ɗansa A ko B ɗin. Yana da wuyar samu, amma ya isa ya nuna cewa takardar aji ba ta isa ta yanke hukunci kan nasabar kowa ba.

Malam Mai Ajin Ƙasa:
Na ji maganar Mama, kuma zancen zuwa gida na ajiye shi. Amma ban yarda a cire jikin yaro gaba ɗaya daga darasin ba. Maɓalli maɓalli ne. Ranar da yaro ya kalli hannunsa ya ce wannan maganar a kaina ake yi, ranar ce darasin ke shiga.

Malamin Bayoloji:
A nan muna tare. A yi da jikinsu, amma don nuna bambanci tsakanin mutane, ba don bin sawun wa ya gadar wa wa ba. Misali zanen yatsa: su goga fensir sosai a takarda, su murza yatsa a kai, su manna salatif mai haske a yatsan su ɗaga, su liƙa a farar takarda. Zanen zai fito sarai. Su ware masu lanƙwasa, masu zagaye da masu baka, su ƙirga a allo. Sai ka gaya musu ko tagwaye masu kama ɗaya zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne, ka bar su da tambayar me ya sa.

Ko kuma tsawo. A auna kowa, a zana jadawali. Za su ga babu rukunin dogaye da rukunin gajeru, yawanci suna tsakiya, kaɗan a gefe da gefe. Sai a koma jakar Baba: wannan karon a ja sau uku daga uwa, sau uku daga uba, a ƙirga ja nawa ɗan ya samu daga 0 zuwa 6. Sakamakon zai taru a tsakiya, 1, 6, 15, 20, 15, 6, 1 a cikin 64. Irin wannan ne Nilsson-Ehle ya gani a launin ƙwayar alkama a 1909. Da haka yara ke gane cewa dokar Mendel ba ta karye a kan tsawo ko launin fata ba, ƙwayoyin gadon ne suka yi yawa, ga abinci da lafiya sun sa hannu.

Sabuwar Malama:
Kai, na cika littafina. Saura siffar DNA ɗin kansa da yadda harafi ɗaya ke kawo ciwo. Na ga ana yi da alewa da tsinke a intanet.

Malamin Bayoloji:
Da aji mai yawa, yaran kansu sun fi alewa. Ki ba kowa kati da harafi ɗaya, A, T, G ko C. Wasu su yi layi, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa da hannun hagu, hannun dama a miƙe gefe. Wasu kuma su nemi abokin haɗinsu, sauran su jira. A da T su haɗa yatsu biyu, G da C yatsu uku, gwargwadon yawan haɗin haidurojin da ke tsakaninsu. Ki lura, tunda kowa hannun dama ya miƙa, dole layi na biyu ya fuskanci wancan gefen kafin hannuwa su haɗu. Haka zaruruwan DNA biyu suke, kowanne ya sa gaba inda ɗayan ya ba baya, kuma ba sai kin sa sun haddace ba. Su ƙirga A nawa, T nawa a cikin tsanin. Daidai za su zo, abin da Erwin Chargaff ya gano ke nan wajen 1950.

Sai ki raba layin biyu, ki kira sabbin yara su cike kowane gefe. An samu tsani biyu iri ɗaya, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo, kamar yadda Meselson da Stahl suka tabbatar a 1958. In kin zo kan Watson da Crick, waɗanda suka bayyana siffar DNA a 1953, ki ambaci Rosalind Franklin da hoton DNA ɗin nan mai lamba 51 da aka ɗauka a ɗakin bincikenta a Landan a 1952. 'Yan matan ajin su ji sunanta.

Maganar harafi ɗaya kuwa, sel yana karanta haruffa uku-uku ne. Ki rubuta kowane harafi a katinsa ki jera:

YAU MUN GAN SHI CAN

Canza M zuwa S, ya zama YAU SUN GAN SHI CAN. Jimla ta tsaya, ma'ana ta sauya. Irin abin da ya faru a sikila ke nan: a ƙwayar gadon himogulobin da ke kuromosom na 11, GAG ya koma GTG, sai wani tubalin furotin mai suna balin ya maye gurbin wani mai suna gulutamik asid a gurbi na shida. Yanzu cire M ɗin gaba ɗaya, ki sa su matso da katunan su sake rabawa uku-uku: YAU UNG ANS HIC AN. Duk abin da ya biyo baya ya rushe. Sai ki tambaye su, in haruffa uku aka cire a tare fa? Ki bar su su gwada.

Tsohon Malami:
Wannan na katin ya yi, Allah Ya yi albarka. 'Yata, shawarata kan jeri: fara da jaka da Mendel, ki bar yara su ga akwai wani abu da ke wucewa daga iyaye bai narke ba, har su matsu su san mene ne shi. Sannan ayaba, sannan tsani, sannan kati. Haka ilimin ya zo a tarihi. Kuma bayan kowane aiki ki ware minti 10 na ƙarshe, kowa ya rufe littafi ya amsa tambaya ɗaya da bai taɓa gani ba. Bayan jaka, misali: tsiro biyu masu jan fure sun ba da ɗa mai farin fure, me ke cikin jakar kowannensu, kuma ta yaya ka sani?

Mai Kula da Lab:
Ni kam da ayaba zan fara, Baba. Yaron yau ya riga ya ji sunan DNA a waya da talabijin, ba ya jiran Mendel ya gabatar masa da shi. Ka ba shi ya ɗaga a tsinke ranar farko, sai ya biyo ka zuwa jaka da kansa.

Malamin Lissafi:
Duk wanda kika fara da shi Malama, ki ba jakar darasi biyu. Ja da tarawa a rana ɗaya, iyalan 'ya'ya huɗu a rana ta biyu, kuma ki karɓi takardun ƙirgen ki ajiye a wurinki, domin da su za a yi aikin rana ta biyun. Ki kuma ƙirga maɓallan kowace jaka kafin a fara da bayan an gama. In uku suka faɗi ƙasa daga kala ɗaya ba a lura ba, rabon ya tashi daga rabi da rabi, sakamakon rukunin zai karkace.

Sabuwar Malama:
Na gode ƙwarai malamaina. Ajujuwa biyu nake ɗauka, don haka ɗaya zan fara musu da jaka, ɗayan da ayaba, tambayoyin ƙarshe kuma iri ɗaya. Malamin Lissafi, in ba damuwa ka turo mini yadda aka fitar da 81 da 108 ɗin nan mataki-mataki, domin na san akwai yarinyar da za ta tambaye ni.